Tiransista Mai Ido: Lacca kan Rediyon da ke Bin Zaren Gilashi

Jama'a, barkanmu da warhaka. Na baya kuna jina? Madalla. Abubuwa uku zan taɓa a kan tiransista mai ganin haske: matsalar da yake warwarewa, yadda yake warware ta, da cikas ɗinsa.

Na farko, matsalar. Igiyar rediyon da muke kira ta milimita, mai mita (wato yawan kaɗawa a daƙiƙa) daga gigahaz 30 zuwa 300, tana ɗaukar bayanai jingim, amma ba ta cin dogon zango. A gigahaz 60, iskar oksijin kaɗai tana cinye mata kusan desibel 15 na ƙarfinta a kowace kilomita. Dole ke nan a dasa ƙananan tashoshi birjik, kowace da eriyarta. Zaren gilashi kuwa, hasken nanomita 1550 kusan desibel 0.2 kacal yake asara a kilomita. Sai aka ce to, a ɗora saƙon kan haske, zare ya kai shi gindin eriya, can a mayar da shi rediyo.

Na biyu, wa zai mayar? Yadda aka saba, fotodayod ne mai mayar da haske lantarki, sai amfilifaya mai ƙara ƙarfi a bayansa, sai na'urar gauraya mita. Kaya uku a kowace tasha. To nan ne inda raina yake! Shi tiransista da ma yana da ido; tun 1948 John Shive ya ƙirƙiro mai ganin haske a Bell Labs. Ku dubi wannan zanen, nau'in HBT ne, mai shimfiɗa uku da ba na sinadari ɗaya ba: emita, bes da kolekta. Haske ya faɗa mahaɗar bes da kolekta, ya ɓalle elektiron daga gurbinsa. Guraben suka taru a bes, sai emita ta kwararo elektiron ninkin-ba-ninkin. Kun ga ya gani, ya kuma ƙara ƙarfi. Aiki biyu ke nan.

Ku ajiye biro ku saurara. In ka ciyar da tiransista mita biyu, sai ya haifo jimlarsu da bambancinsu. Ka aiko saƙo ta zare a gigahaz 2, ka kaɗa bes da osileta, wato na'urar samar da mita, mai 58. Me zai fito? Ku faɗa da ƙarfi mana! 60! Lezar da ke aiko hasken ba ta sha wahalar 60 ba, zare bai ɗauke ta ba, ga ta a bakin eriya. Gani, ƙarin ƙarfi, gauraya, duk a ɗan abin da ƙwayar yashi ta fi shi girma. Wallahi har yau abin yana burge ni.

Na uku, cikas. Cibiyar zare ta kai kusan maikiromita 9, tiransista mai sauri kuwa dole ya ƙanƙance, shigar da haske aiki ne. Ka kaurara shimfiɗar da ke shan haske, sauri ya ragu.

Na'am, Malama, ga makirufo. Tana tambaya me ya hana a yi da silikon, tunda ya fi araha. Tambaya mai kyau. Silikon ba ya shan hasken da ya wuce kusan nanomita 1100. Na 1550 ratsa shi yake kamar taga. Shi ya sa ake shimfiɗa sinadarin InGaAs, wanda yake sha har wajen 1650, a kan wani sinadarin, InP. Masu son zama kan silikon sukan ɗora masa jamaniyam. Kawo allon nan kusa, in zana miki.