Baƙin Fadamar Minsmere: Daga Wajenmu Suka Taso

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da ƙarar iska a makirufo, bakin teku ne. Yau na fito da ku gabashin Ingila, yankin Suffolk, wata fadama da ake kira Minsmere. Ƙarshen Afrilu muke. Na san ku a Kano da Maraɗi yanzu zafi ya hana ku barci, ni kuwa ga ni da rigar sanyi biyu da hula, kuma wai a haka mutanen nan ke cewa gari ya yi daɗi.

Wurin nan ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke riƙe da shi tun 1947. Bari in juya kyamara. Wancan farin ƙullutun da kuke hange can kudu tashar lantarki ta nukiliya ce, Sizewell. Tsakaninmu da ita kuwa ba komai sai ruwa da dogayen ciyayin fadama. Da can gonaki da makiyaya ne. A Yaƙin Duniya na Biyu aka sako ruwa da gangan ya malale wurin, don kada Jamusawa su samu hanyar shigowa ta teku. Jamusawa ba su zo ba, tsuntsaye suka zo.

Tun kafin mu yi nisa, ku dubi wannan gaɓar yashi kusa da ofishin shiga. Kun ga ramukan nan birjik? Gidajen tsattsewa ne, irin mai ruwan ƙasa da ke haƙa rami a gaɓa. Kowane rami da ƙafa da baki aka tona shi, wani zurfinsa ya fi rabin mita. Ga ɗaya ta shiga. Ga wata ta leƙo ta watso yashi. Nauyin kowacce bai kai giram 15 ba, amma makonni kaɗan da suka wuce tana kama sauro a kan ruwan Senegal ko na Mali. Ta tsallako Sahara, ta tsallako Bahar Rum, ta zo nan tana rigima da maƙwabciyarta a kan rami.

Yadda manomi a gida ke ɗaga kai ya ga shamuwa ya ce damina ta kusa, haka Bature ke jiran waɗannan. In ya ga ta farko, har rubutawa yake a ɗan littafi, da kwanan wata.

To, mu shiga rumfar katako. A nan ake zama a leƙa ta siririyar taga, tsuntsu bai san kana nan ba. Zan rage murya, don mutanen ciki ba sa son hayaniya. Ka yi tari ma sai an waigo.

Wannan tafkin da ke gabanmu ba na Allah da Annabi ba ne, tona shi aka yi da katafila a farkon shekarun 1960, aka yi masa 'yan tsibirai, kuma har yau da ƙofofin ruwa ake daidaita zurfinsa. Ku dubi wancan fari da baƙi mai dogayen ƙafafu. Afoset ke nan. Bakinsa siriri ne, ya lanƙwasa sama. Ku lura da yadda yake ci: yana tafiya, yana kaɗa bakin hagu da dama a cikin taɓo, duk ƙwaron da ya taɓa ya shiga. Fiye da shekara ɗari ya daina haihuwa a ƙasar nan, sai a 1947 ya dawo ya yi sheƙa a nan, albarkacin ruwan da aka sako saboda yaƙi. Shi ne a tambarin RSPB. Kyakkyawa ne, amma ba shi da kirki ko kaɗan. Kun ga yadda ya kori agwagwar can alhali ba ta ce masa uffan ba.

Tsaya, tsaya. Kun ji? Buuu... buuu. Ban sani ba ko wayar ta ɗauka, don ƙarar ƙasa-ƙasa ce, a ƙirji kake jinta. Wani dangin zalɓe ne, bitan, namijin ke kiran mace daga cikin ciyawa. Ganinsa sai mai rabo. A 1997 da aka ƙirga, maza 11 kacal suka rage suna wannan kuka a duk Birtaniya. Aka shiga gyaran fadamu, ana yanke ciyawa, ana ƙara ruwa, ana buɗe wa kifi hanya, yanzu sun haura ɗari biyu. Shahon fadama ma haka, wancan da ke shawagi ƙasa-ƙasa: a 1971 miji da mata ɗaya tak suka yi sheƙa a ƙasar, kuma a nan Minsmere ne.

Wata dattijuwa da ke gefena ta ba ni aron madubin hangen nesanta, ta nuna mini wata 'yar agwagwa da ke lungu. Bari in gwada sa wayar a jikin madubin. Yauwa. Kun ga farin layin da ya taso daga saman idonsa ya gangara wuya? Namiji ne, gargani suke ce masa. A nan abin nema ne, mutum ya tuƙo mota daga nesa don ya ga ɗaya. Na ce mata, Baba, a fadamar Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi dubbai suke sauka lokacin hunturu, tare da kirinjijiya da dinya. Sai ta ajiye littafinta ta shiga yi mini tambayoyi.

Abin da ya kawo ni ke nan, jama'a. Duk shingen da za a yi a nan, duk kuɗin da za a kashe, rabin ran waɗannan tsuntsaye yana hannun damunar ƙasarmu. Turawa sun koyi wannan da zafi. A ƙarshen 1968 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya cika ƙauyukansu ya tafi hunturu, a 1969 kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. Aka yi ta bincike a gida ba a ga dalili ba. Ashe fari ne ya fara a Sahel, farin nan da iyayenmu ke ba da labarinsa, wanda ya kai ga yunwar 1973. Da na 1984 ya zo, tsattsewar gaɓa ta sake faɗuwa ƙasa warwas. Shekarar da rumbu ya bushe a Damagaram, a shekarar ramukan yashin nan suka zama kango.

Kuma ba sama kaɗai ba ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ni dai ba na ganin laifin mai shinkafa ko masunci ko Bafulatani a wannan lamari. Ruwan da ya guje wa agwagwa shi ne ya guje musu, su ma abin ya fi ci. Masu zuwa da wa'azin a bar tsuntsu ya sha iska, in ba su fara da maganar ruwa ba, ɓata bakinsu suke yi.

Roƙo ɗaya gare ku, musamman mafarauta da masunta na Nguru, Gashuwa, Baga da Diffa. In tsuntsu ya faɗa a komarku kuka ga ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa, ba asiri ba ne, ba kuma na'urar leƙen asiri ba ce. Lamba ce da adireshin ƙasar da aka sa masa. Ku ɗauki hotonsa, ku rubuta gari da rana, a tura wa adireshin. Ta haka aka gano hanyoyin nan da nake faɗa muku.

Cajin wayata ya kusa ƙarewa, ga hadari ya taso daga teku. Zan bi ta bakin ruwa in leƙa ƙofar da kogin Minsmere ke fita, an ce tsattsewa masu dogon wutsiya sun iso can. In na same su za ku gani a bidiyo na gaba. Mu tafi kafin ya sauko.