Ina allurar bitamin take kwana a gidanku?

Assalamu alaikum. Akwai wata 'yar kwalba mai jan ruwa. Allurar bitamin B12 ce, irin wadda likita kan rubuta wa mai ƙarancin jini idan cikinsa ba ya iya tsotse B12 daga abinci. Wasu majinyatan kwali guda ake haɗa su da shi, su tafi gida, ranar allura su ɗauko ɗaya su kai wa ma'aikacin lafiya. To, kafin ranar ta zagayo, ina kwalin yake kwana?

A gidaje da yawa, bakin taga ake ajiye shi ko saman talabijin. Akwai ma mai barinsa a aljihun mota. Nan matsalar take farawa.

Ku juya bayan kwalin ku karanta. Yawancin allurar B12 za ku ga an rubuta kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 25, wasu kuma 30. Ku tuna da tsakar rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, balle a ɗaki mai rufin kwano. Maganin ba zai yi wari ba, ba lallai ma ya canza kala ba, ƙarfinsa ne kawai yake zubewa a hankali. A yi ta shan allura, jiki bai gyaru ba, a ce likita bai iya aiki ba.

Haske ma yana cinye B12. Shi ya sa wasu kwalaben suke da duhun gilashi, kuma shi ya sa kwalin ba kwalliya ba ne. Ku bar kwalba a cikin kwalinta.

Wani zai ce, ai sai a jefa a firji a huta. A'a, sai dai idan kwalin ne ya ce haka. Wasu alluran bitamin C da wasu na B-complex suna son sanyin digiri 2 zuwa 8. Irin waɗannan a tsakiyar firji ake sa su. Ƙofar firji kullum a buɗe-rufe take, kusa da gidan ƙanƙara kuwa magani na iya daskarewa, kuma wanda ya daskare ya tashi aiki, ko da ya narke. Idan unguwarku wuta sai ta ga dama take zuwa, ku faɗa wa mai kemis tun kafin ku biya kuɗi, ya duba muku ko akwai wadda ba ta buƙatar firji.

Ga allurar da ba ta son firji amma ɗakin ya yi mata zafi, dabarar tukunya biyu tana taimakawa. Ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wannan ce dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe. Amma fa sanyinta ba ya kai na firji, kada a sa mata maganin 2 zuwa 8. Ku fara saka kwalin a robar da ke da murfi, don kada damshi ya goge rubutun.

Kwalaben kuma iri biyu ne. Wadda ake karya wa wuya, sau ɗaya ake amfani da ita, abin da ya rage a zubar. Mai murfin roba da ake zuƙa sau da yawa, ranar da aka fara huda ta a rubuta kwanan wata a jikinta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwana 28, sai idan kamfanin ya rubuta wani wa'adi daban.

Kafin ku fita da ita, ku ɗaga ta ku duba. Ruwan ya yi gajimare, ko akwai wani gari-gari a ƙasa, ko wa'adinta ya wuce? Kada a yi da ita. Tsinken allurar da aka riga aka yi amfani da shi kuwa, a zuba shi a jarka mai kauri, a murɗe murfin, a ɗora sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, ranar zuwa asibiti a tafi da ita a miƙa musu.