Mutum biyar, kai ɗaya: yadda ƙwallon gora na ƙanƙara ya sauya a Rasha

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma.

Bari in fara da daren 2 ga Satumba, 1972, a birnin Montreal na ƙasar Kanada. A daren ne ƙwararrun 'yan wasan Kanada, masu cin abinci da wasan a NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka, suka fara karawa da 'yan Tarayyar Sobiyet. Daƙiƙa talatin da farawa Kanada ta ci. Kafin minti bakwai ta ƙara na biyu. 'Yan kallo suka gyara zama, don abin da jaridunsu suka yi ta faɗa musu ke nan. Da aka tashi, Sobiyet na da 7, Kanada na da 3. Wani siririn saurayi, Valeri Kharlamov, ya ci biyu, mai tsaron gidansu kuma, Vladislav Tretiak, shekararsa 20 kacal. Abin da ya girgiza mutanen Kanada ya wuce yawan cin. Sun ga wasan da su suka ƙirƙira ana yin sa ta wata hanya da ba su taɓa gani ba. Wannan hanyar ce zancenmu na yau: inda ta samo asali, da abin da aka biya kafin a same ta, da abin da ya rage daga cikinta.

Saboda waɗanda ba su taɓa kallo ba: ana wasan ne a kan daskararren ruwa, da takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansu, mutum yana sulɓi a guje. Kowane ɓangare mutum shida ne, mai tsaron gida ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Maimakon ƙwallo, wani ɗan baƙin faifai ne na roba mai tauri, bai cika tafin hannu ba, ana kora shi da sanda mai lanƙwasa. Gudun yana cin ƙarfi ƙwarai, don haka kusan duk minti ɗaya ake sauya 'yan wasa ba tare da an tsayar da wasa ba. Ku riƙe lambar nan, biyar, wato waɗanda ke yawo a fili ban da mai tsaron gida. Duk laccar a kanta take.

Rashawa sun shigo wasan a makare. Sai a watan Disamba na 1946 aka fara gasar ƙasa. Amma ba da hannu biyu suka zo ba. Tun da daɗewa suna da nasu wasan na hunturu, wanda Turawa ke kira bandi: mutum goma sha ɗaya-ɗaya, a filin ƙanƙara mai girman filin ƙwallon ƙafa, da ƙaramar ƙwallo. A irin wannan fili ba ka da katangar da za ka matse mutum a jikinta, sai dai gudu, da fas, da neman sarari. Yawancin 'yan wasan farko daga can suka fito, da yawansu kuma da rani ƙwallon ƙafa suke bugawa. Vsevolod Bobrov, tauraronsu na farko, shi ne kyaftin ɗin Sobiyet a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta 1952. Shekara biyu bayan haka, a Stockholm, ya ja su suka doke Kanada 7 da 2 a karon farko da suka shiga gasar duniya ta ƙanƙara, suka ɗauki kofi. A 1956 suka ci zinaren Olamfik. Shekara goma da fara wasa ke nan.

Wanda ya mayar da wannan ɗabi'a ta zama makaranta shi ne Anatoli Tarasov, kocin CSKA, ƙungiyar sojoji ta Mosko, wanda ya riƙe ƙungiyar ƙasa tare da Arkady Chernyshev na Dynamo. Tarasov ya yanke shawarar cewa idan suka kwaikwayi Kanada, har abada a bayanta za su tsaya. Ɗan Kanada na wancan zamani, in ya iso tsakiyar fili ya ga an tare hanya, sai ya wurga faifan can lungun abokan hamayya, ya bi shi a guje, a yi ta gwabzawa a jikin katanga har mai ƙarfi ya fito da shi. A wajen Tarasov wannan asara ce. Don me za ka ba da abin da ke hannunka, sannan ka koma kokawar ƙwato shi? Yaransa in sun ga hanya a toshe, baya suke komawa da faifan, su zagayo, su sake ɗaura ɗamara. Na dama ya ratsa hagu, na hagu ya ratsa dama, ɗan baya ya hauro gaba, wani ya rufe masa gurbi. Koyarwarsa ita ce mai riƙe da faifai bawan sauran huɗun ne, kuma su huɗun ne ke da aikin nemo masa inda zai tura. Fas ɗin ma ba inda mutum yake tsaye ake aika shi ba, sai inda zai kai nan da ƙiftawar ido.

Kuma talauci ya taimaka, abin mamaki. Har tsakiyar shekarun 1950 Mosko ba ta da babban ɗakin wasa mai ƙanƙarar inji, don haka watanni da yawa a kan busasshiyar ƙasa ake atisaye. Tarasov ya sa su alkafura, da tsalle-tsalle, da gudu ɗauke da juna a baya. Ya leƙa yadda masu rawar bale ke horo, ya leƙa tunanin masu dara irin ta ches. Tretiak kuwa da ƙwallon tanis ya yi ta horar da idonsa da hannunsa. Daga 1963 zuwa 1971, sau tara a jere suna cin kofin duniya. A 1964 kuma aka kafa gasar yara ta unguwanni mai suna Faifan Zinare, wadda Tarasov ya tsaya mata, ta zama rariyar tace yara daga ko'ina a ƙasar.

Mu koma 1972. Wasa takwas aka yi, kuma Kanada ce ta yi nasara a ƙarshe, da cin Paul Henderson saura daƙiƙa 34 a tashi wasan ƙarshe a Mosko. Amma a wasa na shida Bobby Clarke na Kanada ya sari idon sawun Kharlamov da sanda da gangan. A ganina wannan sarar shaida ce. Wanda ya san zai iya tare ka da wasa ba ya neman ƙafarka.

A 1977 Viktor Tikhonov ya karɓi CSKA da ƙungiyar ƙasa gaba ɗaya, kuma a hannunsa salon ya kai ƙololuwa. A 1979 suka ci zaɓaɓɓun NHL 6 da nema a New York. A 1981 suka ci Kanada 8 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Kanada, a Montreal ɗin dai. Tsakanin waɗannan biyun ne ɗaliban jami'o'in Amurka suka kayar da su 4 da 3 a gasar Olamfik ta Lake Placid a 1980, ranar da Tikhonov ya cire Tretiak bayan zangon farko, abin da shi da kansa ya amsa daga baya cewa kuskure ne babba. A zamaninsa aka haɗa biyar ɗin da har yau ake misali da su: Krutov, Larionov da Makarov a gaba, Fetisov da Kasatonov a baya. A Kanada 'yan gaba uku daban ake sauya su, 'yan baya biyu daban. Su waɗannan tare suke shiga, tare suke fita, shekara da shekaru. Ku nemi bidiyonsu a intanet. Za ku ga Larionov ya saki faifai a bayansa ba tare da ya waiga ba, kuma kafin faifan ya tsaya Makarov ya iso.

To, a nan nake so mu daɗe kaɗan, don masu yabon wancan zamani sukan yi tsalle su wuce wurin. Ta yaya mutum biyar suka san juna haka? Ta hanyar da ba wanda zai so wa ɗansa. CSKA ƙungiyar soja ce, kuma kowane saurayi dole ya yi aikin soja, don haka duk yaron da ya yi fice a wani gari ana iya kiransa. Makarov daga Chelyabinsk aka ɗauko shi, Larionov daga Voskresensk. Shi ya sa CSKA ta ci gasar ƙasa sau 13 a jere, daga 1977 zuwa 1989. Gasar cikin gida ta zama tamkar filin atisayen ƙungiya ɗaya. Su kuma 'yan wasan ana tsare su a sansani a wajen Mosko har kusan wata goma sha ɗaya a shekara. Magidanta ne masu mata da 'ya'ya, amma sai an ba su izini za su kwana a gida. Wannan fas na Larionov da muke sha'awa, da darare aka saye shi, dararen da bai kwana cikin iyalinsa ba. Ni ina son wasan nan har zuciyata, amma ba zan iya kallonsa in manta da wannan ba. Su ma ba su manta ba. A 1988 Larionov ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Ogonyok yana sukar Tikhonov, Fetisov kuma ya yi ta ja da hukumomin soja kan a sake shi.

A 1989 madatsar ta ɓalle. Alexander Mogilny ya gudu daga Stockholm zuwa ƙungiyar Buffalo ta NHL a Amurka. A shekarar aka bar Fetisov, Larionov, Krutov da Makarov suka tafi NHL, Sergei Fedorov ya sulale a 1990, Pavel Bure ya bi a 1991. Tarayyar ta rushe tana da kofin duniya 22 da zinaren Olamfik bakwai. Ragowar suka ƙara zinare a 1992, Rasha ta ci kofin duniya a 1993, daga nan sai fari na shekara goma sha biyar. Kuɗin gwamnati ya ƙafe, masu horar da yara suka watse, yaro da ya fara haske sai ya haye teku. Mafi ciwo shi ne 2000, a St. Petersburg, a gida. An tara taurari daga NHL, har da Bure da Alexei Yashin, amma Latbiya ta ci su, Belarus ta ci su, Suwizalan ta ci su, suka ƙare a na 11. Kowannensu gwani ne. Ba su dai san juna ba.

Sai dai akwai abin da ya faru a ƙungiyar Detroit ta NHL wanda ya hana ni yarda cewa salon ba ya rayuwa sai da bulala. A watan Oktoba na 1995 Scotty Bowman, koci ɗan Kanada, ya haɗa Rashawa biyar a fili lokaci guda: Fedorov, Larionov, Kozlov, Fetisov da Konstantinov. Ya sakar musu mara su yi irin nasu. Babu sansani, babu kanar, kowa na kwana a gidansa, kuma filin NHL ya fi na Turai ƙunci, faɗinsa kusan mita 26 ne maimakon 30. Duk da haka suka riƙa zagaye da faifai har abokan hamayya su rasa wanda za su bi. A 1997 Detroit ta ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, karon farko tun 1955. Kwana shida bayan haka hatsarin mota ya raba Konstantinov da wasa har abada. Amma darasin ya riga ya shiga NHL. Yau riƙe faifai, da shiga da shi a sanda maimakon wurga shi, da ɗan baya mai haurowa, duk sun zama ruwan dare a can.

A gida kuwa akasin haka aka yi. An kafa KHL, sabuwar babbar gasar ƙungiyoyi ta Rasha, a 2008, da kuɗin manyan kamfanoni, kuma a shekarar Rasha ta doke Kanada 5 da 4 a Quebec da cin Ilya Kovalchuk a ƙarin lokaci. An ƙara kofuna a 2009, 2012 da 2014. Amma duk inda kowace ƙasa ta zo da gwanayenta gaba ɗaya, sai a ga ramin: a Olamfik, Kanada ta ci su 7 da 3 a Vancouver a 2010, Finland ta fitar da su 3 da 1 a Sochi a 2014. Zinaren Olamfik na 2018 na gaske ne, amma babu 'yan NHL a gasar, kuma sai a ƙarin lokaci Kirill Kaprizov ya raba su da Jamus. A KHL koci na tsoron kora, don haka tsare gida ya fi masa kasada. Ƙungiyoyi da dama sun rage faɗin filayensu zuwa irin na Amurka ko kusa da shi. Wurga faifai a lungu, abin da Tarasov ya ƙi jini, yanzu ana ganinsa a Mosko kowane mako.

Shin inganci ya faɗi? Idan mutum ɗaya-ɗaya ake nufi, a'a. Ranar 6 ga Afrilu, 2025, Alexander Ovechkin ya ci na 895, ya wuce Wayne Gretzky na Kanada a yawan ci a tarihin NHL. Amma ku lura da irin wasansa: ƙarfi, da karo, da harbi daga gefen hagu. Ya fi kama da 'yan Kanadan 1972 fiye da Kharlamov. Tsohon jinin a wajen Pavel Datsyuk na gan shi, yau kuma a wajen Nikita Kucherov, wanda ya ba da fas 100 da aka ci a kakar 2023 zuwa 2024. Ga kuma sabon abu: masu tsaron gida. Bayan Tretiak an daɗe ana kukan rashinsu, yanzu Bobrovsky, Vasilevskiy da Shesterkin duk sun ci kyautar gwarzon mai tsaron gida na NHL. Abin da ya ɓace shi ne biyar ɗin. Kucherov a Tampa yake, Kaprizov a Minnesota, Ovechkin a Washington, kuma tun Fabrairun 2022, saboda yaƙin Yukren, hukumar wasan ta duniya ta dakatar da Rasha, don haka ko haɗuwar mako biyu ta gasa ba sa samu.

A 2022 ɗin ne Larionov ya karɓi ƙungiyar Torpedo ta Nizhny Novgorod, ya cika ta da matasa, ya ce su riƙe faifai, su yi fas, kada tsoron kuskure ya hana su gwadawa. Mutumin da ya rubuta wasiƙar 1988 ke nan, a lokacin yana ƙoƙarin koyar da wasan Tarasov ga yaran da ke komawa gida bayan atisaye. Ba su ci kofi ba, amma na kalli wasanninsu da dama, kuma wani lokaci, na daƙiƙa goma ko ashirin, sai ka ga faifan ya koma baya, an zagayo, an ratsa juna, kamar a tsohon bidiyo.

Shugaba ya nuna mini agogo. Akwai ɗan guntun wasan 1981 da na zo da shi, minti uku ne. A kashe fitilar gaba mu kalla, sannan mu shiga tambayoyi.