Wa Ke Karɓar Fanshon Gwamnati, Wa Aka Bari a Waje?

An rubuto wannan lacca ne daga faifan da aka naɗa a wurin taro, an rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan kuɗin da gwamnatoci ke biyan mutum idan ya tsufa ko ya naƙasa, da wanda suke biyan iyalinsa idan ya rasu. Da an ambaci fansho, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne dattijo mai furfura da ya ajiye aiki. To, wannan ɗaya ne cikin uku. Abubuwa uku ne ke yanke wa gida albashi: tsufa, naƙasa, da mutuwa. Tsufa kaɗai ke yin sallama tun daga nesa. Sauran biyun sai dai a wayi gari a gan su. Tambayar da nake so mu bi yau ita ce wa ke samun wannan kuɗi, domin ba ranar da mutum ya tsufa ake yanke hukuncin ba. An yanke shi tun ranar da aka zauna rubuta doka, aka ce aikin wane ne za a ƙirga, na wane ne ba za a ƙirga ba.

A Jamus abin ya fara a matsayin tsarin ƙasa baki ɗaya. A 1889 gwamnatin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ta kafa inshorar tsufa da naƙasa ga ma'aikata, ma'aikaci ya zuba, mai ba shi aiki ya zuba, gwamnati ta ɗora nata. Shekarun karɓar kuɗin tsufa 70 ne, a zamanin da leburori kaɗan ne ke kaiwa nan, sai a 1916 aka sauko da su zuwa 65. Saboda haka, da tafiya ta yi tafiya, akasarin waɗanda suka ci moriyar dokar ta ƙofar naƙasa suka shiga, ba ta ƙofar tsufa ba. Matan da mazansu suka rasu da marayu kuwa sai a 1911 aka tuna da su. Ku riƙe wannan, don za ku sake ganinsa: ana fara rubuta doka da ma'aikaci namiji a zuciya, sauran mutanen gidan su biyo baya da shekaru.

Zan daɗe a kan Amurka, ba don nasu ya fi na kowa ba, sai don ƙa'idojinsu a rubuce suke dalla-dalla, ana iya ganin inda aka ja kowane layi. A ranar 14 ga Agusta 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da suke kira Social Security. Wadda ta fara karɓar kuɗin wata-wata wata mata ce, Ida May Fuller, sakatariya a ofishin lauyoyi a jihar Vermont. Shekara uku ta yi ana cire mata harajin, jimilla dala 24 da santi 75. A Janairun 1940 aka ba ta cekin farko na dala 22 da santi 54. Allah ya ja kwananta har ta kai shekara 100, ta rasu a 1975, ta karɓi kusan dala 22,900.

Wani zai ce ai an yi asara a kanta. Ba asara ba ce, haka aka gina abin. Ba asusun ajiya ba ne da ake tara wa kowa nasa da sunansa. Abin da aka cire wa masu aiki a wannan watan shi ake biyan masu karɓa a wannan watan. A yau ana cire kashi 6.2 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 6.2, mai sana'ar kansa kuma ya biya 12.4 shi kaɗai. Wanda ya yi tsawon rai ya karɓi fiye da abin da ya zuba, wanda ya rasu da wuri iyalinsa su karɓa. Wannan ne ƙarfinsa, kuma nan ne rauninsa yake. A 1960 ma'aikata biyar ne ke ɗauke da mai karɓa ɗaya, yau ba su kai uku ba, kuma masu kula da asusun tsufa suna cewa rarar da aka tara za ta ƙare wajen 2033 in majalisa ba ta yi wani abu ba. Ko a lokacin ba za a daina biya ba, amma za a rage kusan kashi ɗaya cikin biyar ko fiye.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Dokar 1935 ta bar ma'aikatan gona da masu aikin gida a waje. Wajen rabin ma'aikatan ƙasar ne ba su shiga ba, a cikin baƙaƙen fata kuwa kusan biyu cikin uku. Masana tarihi suna ta muhawara a kan dalili: wasu sun ce 'yan majalisar kudancin ƙasar ne ba sa son a taɓa musu arhar ƙwadago, wasu sun ce ma'aikatar kuɗi ce ta ga karɓar haraji daga gonaki da gidaje zai yi wuya. Ko ma wanne ne, matar da ta yi shekara talatin tana wanki da reno a gidan wasu ta tsufa ba ta da ko sisi a rubuce. Sai a 1950 da 1954 aka shigo da su. Waɗanda ƙarfinsu ya ƙare kafin nan, shi ke nan.

Har yau tsarin takarda yake bi, ba gumi ba. Kafin ka cancanci kuɗin tsufa sai ka tara maki 40, kuma ba a samun fiye da huɗu a shekara, wato aikin shekara goma ke nan da aka biya wa haraji. Wajen lissafi ana ɗaukar shekaru 35 da ka fi samun albashi. In ba ka cika 35 ba, sifili ake cike gurbin da shi. Ku yi tunanin matar da ta bar aiki shekara goma sha biyu don renon yara da jinyar mahaifiyarta. Ba ta huta ko kwana ɗaya ba, amma in shekarun aikinta ba su cika 35 ba, sifilin da ke takardarta ne zai ja kuɗinta ƙasa har ƙarshen rayuwarta. Jamus ta ɗan gyara wannan: duk yaron da aka haifa daga 1992, ana rubuta wa mai renonsa shekara uku kamar ya yi aikin albashi matsakaici. Ni a ganina wannan ba alfarma ba ce, bashi ne ake biya, domin yaran nan su ne za su zuba kuɗin da za a biya kowa gobe.

In yi adalci, akwai abin yabo a lissafin Amurka. Kason farko na matsakaicin albashin mutum ana mayar masa da kashi 90, na tsakiya kashi 32, na sama kashi 15 kawai. Ma'ana mai ƙaramin albashi ya fi samun madadin abin da ya saba karɓa. Ana iya fara karɓa a shekara 62, amma ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama cikakken lokacinsa 67 ne, in ya yi gaggawa a rage masa kashi 30 har abada, in ya jira zuwa 70 a ƙara masa kashi 8 a kowace shekara. Sai dai wa ke iya jira? Mai aikin ofis ne. Mai ɗaukar kaya da gwiwoyinsa suka gaji ba shi da wannan zaɓin.

Mu zo ga waɗanda mamaci ya bari. A 1939 aka ƙara su. Ɗan mamaci yana karɓar kashi 75 na abin da mahaifinsa ko mahaifiyarsa za su samu, har ya kai 18, ko 19 in yana sakandare. Matar mamaci tana iya fara karɓa daga shekara 60, ko 50 in tana da naƙasa, ko a kowane shekaru in tana riƙe da yaron da bai kai 16 ba. In ta sake aure kafin 60 ta rasa haƙƙin muddin auren yana nan. Wadda aka saka ma tana da rabo in aurensu ya kai shekara goma. Har iyayen mamaci, in sun kai 62 kuma shi ke ɗauke da rabin nauyinsu, suna da haƙƙi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, matashin da ya yi aikin shekara ɗaya da rabi kacal cikin shekaru ukun da suka gabaci rasuwarsa, 'ya'yansa sun cancanta. Kusan mutum miliyan shida ne ke karɓa ta wannan hanya a Amurka, cikinsu yara kusan miliyan biyu. Su ma 'yan fansho ne, ko da ba wanda ke kiransu haka.

Akwai shari'a ɗaya da nake so ku ji. Paula Wiesenfeld malamar makaranta ce a jihar New Jersey, ita ce ta fi mijinta Stephen samu, kuma ana cire mata haraji kamar kowa. A 1972 ta rasu wajen haihuwa, jaririn ya rayu. Stephen ya so ya zauna ya reni ɗansa, ya je neman kuɗin da ake ba mai renon maraya, aka ce masa yaron zai samu amma shi ba zai samu ba, domin doka uwa ta ambata. Ruth Bader Ginsburg, wadda daga baya ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli, ita ta tsaya masa. A 1975 kotun ta soke wannan bambanci. Ku lura da wanda aka fi zalunta a nan. Paula ce. Ta biya daidai da abokan aikinta maza, amma kuɗinta bai saya wa iyalinta kariyar da nasu ya saya wa nasu ba.

Naƙasa ita ce ta zo ƙarshe, a 1956, kuma da farko sai mai shekara 50 zuwa 64, kafin a cire wannan iyaka a 1960. Ƙofarta ce ta fi ƙunci. Ba a biyan rabin naƙasa ko ta ɗan lokaci. Sai an tabbatar mutum ba zai iya wani aikin kirki na samun kuɗi ba, ba aikinsa na da kaɗai ba, kuma ciwon zai kai shekara guda ko zai kai shi ga ajali. Ga yawancin manya, sai sun yi aikin shekara biyar cikin goman da suka wuce. Bayan an amince ma akwai jiran wata biyar. Kusan biyu cikin uku na masu nema ana mayar da su a karon farko, sai su ɗaukaka ƙara, a yi ta watanni, wani lokaci fiye da shekara, mutum ba lafiya ba albashi. Na san akwai masu ƙarya, kuma dole a bincika. Amma hukumar Social Security da kanta ta ce cikin matasa huɗu masu shekara 20, ɗaya zai naƙasa kafin ya kai shekarun ritaya. Ba wasu mutane ne na daban ba, 'yan uwa. Mu ne, da ƙannenmu. Wanda kuma aka haifa da naƙasa bai taɓa aiki ba, wani shiri na daban aka yi masa a 1972, daga harajin gama-gari, bayan an duba abin da ya mallaka.

Duk wannan bayani na ƙasar da kusan kowane aiki yake a rubuce ne. A duniya fa? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce wajen mutum biliyan biyu, kimanin kashi 60 na masu aiki, suna sana'ar da ba rajista, ba takardar albashi, ba mai cire musu komai. A rahotonta na 2024 ta ce mutum biliyan 3.8 ba su da kowace irin kariya daga gwamnati. A ƙasashen da irin wannan sana'a ta fi yawa, fanshon zube, wato wanda ake cire kuɗinsa daga albashi, ya zama na ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni kawai. Manomi da 'yar kasuwa da direba suna biyan haraji a duk abin da suka saya, amma tsufansu nasu ne su kaɗai.

Wasu ƙasashe sun ƙi yarda da haka, suka ce shekaru kaɗai sun isa hujja. Mauritius ta mayar da fanshon tsufa na kowa da kowa a 1958, Botswana ta fara a 1996 ga mai shekara 65, Lesotho a 2004 ga mai 70, Bolibiya a 2008 ga mai 60. Ku duba, Lesotho ba ƙasa ce mai arziki ba, don haka wanda ya ce sai mai man fetur ko mai masana'antu ke iyawa, a nuna masa ita. Kuɗin ba shi da yawa, gaskiya ne, kuma duk shekara sai an yi faɗa a kansa a kasafi. Amma ba ya tambayar tsohuwa takardar aikin da ba a taɓa ba ta ba.

Masu cewa ba wa tsofaffi kuɗi ɓarna ce, gara a kashe wa yara, ga abin da aka gani a Afirka ta Kudu. A farkon shekarun 1990 aka daidaita kuɗin tsufan baƙaƙe da na farare. Esther Duflo, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2019, ta bi gidajen da kuɗin ya shiga, ta tarar cewa inda kaka mace ce ke karɓa, jikokinta mata sun fi nauyi da tsayi a kan takwarorinsu. Inda kaka namiji ne ke karɓa, ba a ga wannan bambanci ba.

Na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Mai tambaya ya ɗaga hannu, amma mu fara da iyayenmu mata da ke can baya.