Tsuke bakin aljihu: daga kasafin Abuja zuwa gonar manomin rani

Idan abin da gwamnati za ta kashe a shekara ya fi abin da za ta samu, ratar da ke tsakani ita ce giɓin kasafin kuɗi. Dokar shekarar 2007 ta ce kada giɓin gwamnatin tarayya ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da tattalin arzikin ƙasa ke samarwa. Hanyar toshe shi uku ce: a ciwo bashi, a ƙara haraji, ko a rage kashe kuɗi. Ta ukun ita ake kira tsuke bakin aljihu. Dattawa sun san ta tun zamanin Shagari a 1982, da kuma shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, wato SAP, a 1986.

To ina ake yankewa? Albashi ba ya taɓuwa cikin sauƙi, masu bin bashi kuma ba sa jira. Saboda haka wuƙar takan faɗa kan tallafi da manyan ayyuka.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mu je gonar mai noman rani a Auyo ko Kura. A ce injin ban ruwansa na shan lita biyar a wuni. Da, naira dubu ɗaya ta ishe shi. Bayan 'yan kwanaki sai ya nemi dubu biyu da ɗari biyar, alhali shinkafa ba ta san an yi canji ba, ruwanta take so. Sai ya rage faɗin gona, ko ya tsallake ban ruwa, ko ya rage taki. Duk wanda ya zaɓa, buhunan da zai kai kasuwa sun ragu. Mai motar da zai ɗauko su ma ya ƙara kuɗi. Da cinikin manomi ya ja baya, mai shayi da tela da mai gyaran babur duk sun ji a jikinsu, harajin da gwamnati ke tarawa shi ma ya yi ƙasa.

Yanke manyan ayyuka ya fi ɓoyuwa, kuma a ganinmu ya fi ciwo. Kachalla, ciyawar nan da ke fitowa a hanyoyin ruwa, ba ta jiran kasafi. Idan aka bar yashe hanyoyin ruwa a yankin Haɗejiya shekara ɗaya ko biyu, sai ta toshe su, damina ta zo ruwa ya bi gonaki da gidaje. Kuɗin da aka ce an adana sai a kashe fiye da shi wajen agaji.

Gaskiya ne bayan cire tallafin, kason wata-wata na jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru sosai. Ana wallafa alƙaluman kowane wata. Ku nemi na ƙaramar hukumarku, ku riƙe shi a hannu ranar da za ku je wurin kansila maganar kwalbatin da ya karye.