Kada Numfashi Ya Ruɗe Ka: Lacca Ga Sababbin Masu Gudu

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanku da zuwa. Na san a cikinku akwai waɗanda suka fara gudu makonni biyu ko uku da suka wuce, akwai masu niyyar farawa, akwai kuma waɗanda suka taɓa farawa ciwo ya zaunar da su. Da na ƙarshen nan na fi son yin magana, domin yawancinsu ba lalaci ne ya tsayar da su ba. Himma ce ta yi musu yawa tun ƙafarsu ba ta kai ga ɗaukar ta ba.

Bari mu ɗauki tsarin koyon gudu da ya fi shahara, wato Couch to 5K, ma'ana daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ne ya tsara shi a 1996, daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta rungume shi har ta yi masa manhajar waya. Makonni 9 ne, fita 3 a kowane mako, da hutun aƙalla kwana ɗaya tsakanin fita da fita. A makon farko za ka yi tafiyar sauri ta minti 5 don jiki ya ɗumama, sannan sassarfa ta daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, kana maimaitawa har minti 20 su cika. A mako na 9 ana sa ran ka yi minti 30 ba tsayawa.

Mutum mai jin ƙarfi in ya ga daƙiƙa 60 sai ya raina. Ya ce wannan ai wasan yara ne, ya tsallake zuwa mako na 4. To ku saurara da kyau, don nan ne gundarin maganar tawa ta yau.

Gaɓoɓin jiki ba sa sabawa da aiki a lokaci guda. Zuciya da huhu da jini suna saurin karɓar canji. Cikin makonni kaɗan ruwan jini yana ƙaruwa, zuciya tana tura jini mai yawa a kowane bugu, sai ka ji hakin da kake yi a makon farko ya ragu sosai. Tsoka ita ma ba ta daɗewa. Amma ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige, su nawa gare su. Jini ba ya kai wa agara da yawa kamar yadda yake kai wa tsoka, shi ya sa gyaranta yake ɗaukar watanni. Shi kuwa ƙashi, tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa yana sake fasalinsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Sai dai yadda yake yin hakan shi ne abin lura: jiki yana fara zaizaye wurin da ya gaji, sannan ya cike shi da sabon ƙashi. Zaizayewar makonni take ɗauka, cikewar da ƙwarinta watanni. Ke nan akwai wani tsakani da ƙashin ƙwaurinka bai gama komawa daidai ba, kuma a daidai lokacin ne numfashinka yake gaya maka ka zama gwani. Magini ba ya ɗora bene a kan kankaren da bai bushe ba, ko da kayan aiki sun cika fili.

Ku ƙara da wannan lissafin. A kowane taku na gudu, ƙafa ɗaya tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinka sau 2 zuwa 3. Mai sassarfa yana yin taku wajen 150 zuwa 170 a minti. Minti 20 kacal sun kai taku 3,000 ko fiye. Ƙafar da ta shekara goma ba ta san wannan duka ba, dole a gabatar mata da shi kaɗan-kaɗan. Ranar hutun da ke cikin tsarin ita ce ranar da gyaran yake faruwa. Wanda ya ce zai fita kullum don ya yi saurin ƙwarewa, ya cire rabin aikin ke nan. Sauri ya haifi nawa, a nan maganar ta zauna daram.

Yanzu batun sauri. Kusan duk sabon shiga da na gani, gudunsa ya fi ƙarfin matakinsa. A ƙwaƙwalwarsa gudu shi ne irin na tsere, saboda haka minti ɗaya ya ishe shi ya riƙe ƙugu. Ma'aunin da zan ba ku ba ya buƙatar agogo ko wata na'ura: ka iya yin magana kana cikin gudun? Cikakkiyar jimla nake nufi, ba kalma ɗaya ana haki ba. In ba za ka iya ba, rage. In ragewar ta kai ga mai tafiyar sauri yana jerawa da kai, babu komai, ci gaba a haka. Wannan ba rangwame ne ga masu rauni ba. Masani Stephen Seiler, da ya daɗe yana nazarin atisayen manyan 'yan wasan dogon zango, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa. Jeff Galloway kuma, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, ya shafe shekaru yana koya wa mutane haɗa gudu da tafiya, har a gudun famfalaƙi. Saboda haka kada wanda ya tsaya ya taka ya ji kamar ya gaza. Tafiyar tana cikin atisayen.

To nawa za a ƙara a mako? Za ku ji ana cewa kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100. An gwada wannan a Groningen ta ƙasar Holan, aka wallafa sakamakon a 2008. Sababbin masu gudu fiye da 500 aka raba gida biyu: wasu suka bi tsarin makonni 13 mai ƙarin kashi 10, wasu suka bi na makonni 8 da bai bi wannan ƙa'ida ba. A kowane ɓangare kusan mutum 1 cikin 5 ya ji ciwo. Babu wani bambanci na a zo a gani. Wani binciken kuma a Denmak, a 2014, ya bi sababbin masu gudu 874, ya ga alamar cewa waɗanda suka ƙara nisa da fiye da kashi 30 cikin 100 sun fi fuskantar irin ciwukan da yawan nisa ke jawowa. Abin da na ɗauka daga biyun shi ne, babu wata lamba guda da za ta kare kowa, amma babban tsalle yana da haɗari. Nauyin jikinka, shekarunka, tsohon targaɗe, barcin da kake samu, duk suna cikin lissafin, kuma takardar tsarin ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shawarata ita ce abu ɗaya za ka riƙa ƙarawa a lokaci guda. Ko tsawon lokaci, ko yawan fita, ko sauri, ko hawan tudu. A watannin farko lokaci kawai za ka ƙara, sauri ya jira. Kuma kafin ka wuce zuwa mako na gaba, ka tambayi kanka abu biyu. Na gama fitar ƙarshe ina jin da sauran ƙarfi a jikina? Na tashi washegari ina taka ƙafa lafiya? In amsar ɗaya ta zama a'a, maimaita makon. Wanda ya gama tsarin makonni 9 a cikin 13 ko 15 bai yi asarar komai ba.

Mako na 5 ne yake tsorata mutane. Fitar farko minti 5 sau uku, ta biyu minti 8 sau biyu, ta uku kuma minti 20 a jere. A ganina tsallen nan ya yi wa wasu girma, kuma ba laifi ka sa matakala a tsakani: minti 10 sau biyu, sannan 15 da 5, sannan 20. Mai tsarin bai san ka ba, kai ne ka san kanka.

Akwai wani abu da yake karya wa mutane gwiwa a ƙarshe. Sunan tsarin yana ambaton kilomita 5, amma abin da mako na 9 yake nema minti 30 ne. Kafin ka ci kilomita 5 a minti 30 sai kana yin kowace kilomita a minti 6, kuma sababbin masu gudu da yawa ba su kai nan ba. Kada ka ƙara wuta don cika lambar. Minti 30 sau 3 a mako minti 90 ke nan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai ƙarfi a mako, ko 150 zuwa 300 na matsakaici. Da ɗan ƙarin tafiya a sauran ranakun, ka riga ka shiga sahu.

Sai maganar ciwo, kuma ina roƙon ku riƙe ta. Tsamin jiki daban, rauni daban. Tsami yakan kama cinyoyi da sha-raɓa duka biyun, ya fi tsanani bayan kwana ɗaya zuwa uku, yana sakin ka in ka motsa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda za ka tsaya dominsa shi ne ciwon da ke gefe ɗaya, wanda kake iya nuna wurinsa da ɗan yatsa a kan ƙashi, wanda yake ƙaruwa kana cikin gudu, ko ya sa ka ɗingishi, ko ya zo da kumburi, ko ya hana ka barci. Irin wannan a ƙwauri ko a saman ƙafa yana iya zama tsagewar ƙashi, a je a ga likita. Ciwon ƙirji kuwa, ko jiri, ko numfashin da ya sarƙe fiye da ƙima, a tsaya nan take a nemi asibiti. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, su fara da ganin likita kafin su fara da takalmi.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Hajiya.

Tambaya: Malam, ni na kai mako na 4 sai zazzaɓi ya kwantar da ni, yau kusan sati biyu ban fita ba. In koma farko ne?

A'a Hajiya, ba sai kin koma farko ba, Allah ya ƙara sauƙi. Da farko ki tabbata zazzaɓin ya sake ki gaba ɗaya, don ba a gudu da zazzaɓi a jiki, yana iya taɓa zuciya. In kin warware, ki yi kwana biyu ko uku kina tafiya kawai. Daga nan ki koma mako na 2 ko na 3, ki yi fita ɗaya ki ga yadda za ki tashi washegari. In lafiya lau, ki ƙarasa wannan makon sannan ki hau na gaba. Abin da ba na so shi ne ki ce za ki rama kwanakin da suka wuce ki haɗa fita biyu a jere. Wanda hutunsa ya kai wata guda ko fiye, shi ne zan ce ya koma mako na 1, kuma zai ga ya fi saurin wuce shi a wannan karon.