Kogin da Gishirinsa Ya Fi na Teku: Lacca kan Bakin Ruwan Salum

An gabatar da wannan lacca a Samaru, Zariya, an kuma rubuta ta daga sautin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Na san a zauren nan akwai waɗanda suka taɓa zuwa Kaulaha ziyara, garin Shehu Ibrahim Inyass. Kogin da kuka gani a gefen garin sunansa Salum, a kansa zan yi magana, musamman inda yake haɗuwa da Tekun Atlantika a ƙasar Senegal.

A al'ada, kogi yakan ɗauko ruwan daɗi daga tudu ya kai wa teku. Haka Kubanni ke zuba wa Galma, Galma ta miƙa wa kogin Kaduna, shi kuma ya kai Neja. A mahaɗar kogi da teku sai ruwan biyu su gauraya su zama zartsi, nan kifayen teku da jatan lande ke renon 'ya'yansu. To Salum ya saɓa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, teku na kutsawa ciki sama da kilomita 100, ruwan sama ya yi ƙaranci, rana kuma na ƙafar da abin da ya shigo ta bar gishirin. Lita ɗaya ta ruwan teku tana da gishiri kamar giram 35. A sama da Kaulaha, da rani, yakan wuce giram 100. Wato kana nisa da teku, gishiri na ƙaruwa. Farin shekarun 1970, wanda dattawanmu ba su manta da shi ba, shi ya tsananta lamarin: itatuwan bakin ruwa suka bushe a wurare da yawa, filaye suka koma fako mai farin gishiri.

Itatuwan nan ana ce musu mangurof. A cikin taɓo suke tsirowa, saiwoyinsu a waje, sun sauko daga jikin itacen kamar ƙafafu. Idan teku ta cika, ruwa ya rufe saiwoyin, ƙananan kifi su shige su ɓuya. Idan ta janye, sai ka ga kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, ta manne a jikinsu ɗamfare. Lokacin ne matan ƙabilar Serer ke shigowa da kwale-kwale, taɓo har gwiwa, suna ɓamɓara. Sana'ar ta daɗe ƙwarai: ɓawon da kakanninsu suka zubar ya taru ya zama tuddai har 218, kuka ta fito a kan wasu, 28 kuma akwai kaburbura a ciki.

A 1976 gwamnatin Senegal ta mai da hekta 76,000 na bakin kogin hurumi, a 2011 kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka yankin cikin kayan tarihin duniya. Takarda ta yi kyau. Amma ku lura, doka ba ta hana gishiri hawa, ba ta kuma tare teku. A 1987 guguwa ta ɓalle doguwar gaɓar yashin Sangomar da ke kare bakin kogin, tun daga nan igiyar ruwa ke cin ƙauyukan da ke bayanta. Abin da mutum ke iya riƙewa shi ne hannunsa: adda, gatari da taru.

A nan ne abin ya burge ni. A da, mai neman kawa takan sare saiwar gaba ɗaya ta tafi da ita gida. Yanzu a ƙauyuka da dama ana jera tsofaffin ɓawo a igiya, a rataye cikin ruwa, sabuwar kawa ta kama jiki, itace ya tsira. Da damina kuma ana dakatar da ɗiba domin ta hayayyafa.

Sai batun Bambun, wata mashigar ruwa kusa da garin Tubakuta, a yankin bakin kogin. A 2003 ƙauyuka 14 suka yarda a daina su a cikinta kwata-kwata, a 2004 gwamnati ta tabbatar da hakan. Masu gadin 'yan ƙauyukan ne, ana biyansu daga kuɗin masaukin baƙi da aka gina a wurin. Masu bincike sun bi sawun kifin shekara da shekara, suka ga manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu sun dawo. Kada ku ɗauka ba a ji jiki ba. Masuncin da aka hana wurin da ubansa ya yi su, dole ya ƙara nisa, ya ƙara kuɗin mai, kuma ba kowa ke samun rabo daga kuɗin baƙin ba. Ni a ganina nan ne aikin yake, domin mai gadi ɗan gari ya san wanda zai fito da taru cikin dare, amma ba zai iya tsare shi kullum ba in gidansa babu tuwo.

Ɗan'uwa a baya ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, a miƙa masa abin magana.